Ranar da Na Sauya wa Goggo Faifai

Takalma na fara gani. Baba yana gaba da akwatinmu a kafaɗa, Umma tana bayansa tana haki, ni ina ƙarshe, sai na ga matakalar benen ta cika da silifa na mata, wasu a jere, wasu an tuɓe su da gaggawa, ɗaya a nan ɗaya a can. Na ƙirga na mutum goma sha huɗu. Akwai wanda aka ɗaure maɗaurinsa da waya. Daga bayan labule kuma wata murya take tashi, ta mace ce amma an kumbura ta kamar ta ƙato, da Hausar Kano tsantsa:

"Ka buɗe akwatin nan, ko ni in buɗe cikinka!"

Mata suka ɗauki salati gaba ɗaya. Na cafke gefen abayar Umma. Baba ya juyo yana dariya.

"Kada ki tsorata, Nusaiba. Goggonki ce. Yau Alhamis."

Haka na shiga gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda ina da shekara goma sha biyu. Na san abin da aka gaya muku game da shekarar nan. Duk sallah sai Anti Suhaila ta ba ku labarin yadda uwarku, wadda ko gaisuwa sai an matso ta daga bakinta, ta tashi rana ɗaya ta kunyata Goggo Dije a gaban baƙi. Ba ƙarya ta yi muku ba, amma rabi ta ba ku. Ga sauran.

Goggo Dije yayar Baba ce. Umra ta zo da mijinta tun kafin a haife ni, suka zauna, shi ya rasu, ita ta ci gaba da zama ba iƙama, wato takardar izinin zama. Saboda haka ba ta fita sai dole. Baba yana aikin sito a tashar jiragen ruwa, takardunsa lafiya lau, yana fita da safe ya dawo da warin teku a rigarsa. Ita kuwa duniyarta ɗaki biyu ne da kicin, tana dama fura ana zuwa ana saye. Kwana shida na mako ba za ka ji muryarta ba sai a kan gero da nono. Ranar Alhamis bayan azahar ta zama wata mata daban. Ta ɗaura ɗankwalinta mai ruwan goro, ta zauna a kan kujerar roba dab da talabijin, ta juya masa rabin baya, matan unguwa su cika falo: masu aikin gidajen Larabawa, masu sayar da turare da goro a bakin titi, da Hajja Batula, Bahaushiyar Sudan da ba ta zuwa sai da butar shayinta. A sa fim ɗin Indiya, Goggo ta riƙa faɗa musu abin da ake cewa. Ta ce tun tana yarinya ta iya Indiyanci, don gidansu yana bayan silima, sautin yana shigo musu ta katanga. Ba wanda ya taɓa gwada ta. Idan jarumi ya yi tsawa ita ma ta yi, idan mace ta yi kuka muryarta ta karye, idan aka fara waƙa ta ce, "To, nan dai soyayya ce, kowa ta san abinta," a yi shewa a zuba shayi.

Finafinan ba su da yawa, amma akwai ɗaya da duk wata sai an maimaita. Tsoho ne, launinsa ya koɗe, ba fassarar Larabci a ƙasansa. Ba wanda ya san sunansa, a gidan ana ce masa fim ɗin Mai Safa. Mijin Goggo ne ya sayo shi, faifai biyu marasa rubutu a cikin wata 'yar jakar roba da ake buɗewa kamar littafi, ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu. A gidanmu kuwa komai daga dama ake fara shi, ci da sha da sa takalmi da buɗe littafi. Don haka shekara takwas na dama ake fara sawa.

Ga labarin yadda Goggo take ba da shi. A faifan farko akwai wani hamshaƙin ɓarawo, ba akwatin ƙarfen da ya gagare shi, kullum da baƙar safa a hannunsa na hagu. Yana da yaya tsohuwa mai keken ɗinki, wadda ta ƙi cin ko ƙwayar shinkafarsa. Yaransa suka ci amanarsa, 'yan sanda suka ritsa shi a tsakar gidan yayar, aka harbe shi. Yana faɗuwa Goggo take ɗaga hannu ta ce a cire, ba ta son kallon gawa. Sai a sa na biyu. Rubutu ya yi ta wucewa da kiɗa, wannan shi ne hutun rabin lokaci, a yi la'asar. Daga nan sai ga wani saurayi talaka mai gyaran makulli a bakin kasuwa, kamarsa ɗaya da Mai Safa.

"Ɗansa ne," in ji Goggo. "Wanda ya bari a ciki. Ku dubi hancin, ai ba a tambaya."

Ɗan yana zaune da wata budurwa mai keken ɗinki, Goggo ta ce 'yar goggonsa ce. Ya sha wuya, miyagu suka ja shi, ƙofar akwatin ƙarfe ta datse masa yatsu, amma a ƙarshe ga shi da sabuwar riga, ya shigo gida da kaya niƙi-niƙi, kiɗa ya tashi, faifai ya ƙare. Goggo ta tafa hannu ta ce Allah ya shirya ɗan, ya wanke sunan ubansa. Mata su tashi suna murna, kowa ta nemi takalminta.

Na so fim ɗin nan kamar in haɗiye shi. A makaranta, can Aziziyya, ba na magana, don Larabcina bai nuna ba, in na buɗe baki 'yan aji sai su ƙunshe dariya. Sai na koma kallo. Na san malamar da take sauya agogo daga hannu zuwa hannu in ranta ya ɓaci, na san tayil ɗin da ya tsage a bakin ajinmu. Da wannan idon nake zama a lungun falo ranar Alhamis, bayan Hajja Batula, gwiwoyina a ƙirji. A kallo na biyu na lura keken ɗinkin tsohuwa da na budurwa iri ɗaya ne, har da jan zaren da aka ɗaura a wuyansa, sai dai na tsohuwar ya yi tsatsa. A kallo na uku na ga hannun da ƙofa ta datse wa ɗan shi ne hannun da uban yake sa wa safa. Suhaila ma ta taɓa tambaya, Goggo ta ce gado ne, aka wuce wurin. A kallo na huɗu na ga bishiyar.

A faifan biyu saurayin ya kawo wani ɗan tsiron mangwaro a gwangwani, ya dasa a tsakar gida kusa da famfo. Abin bai kai ƙiftawar ido uku ba, kuma daidai lokacin ne ake miƙa dabino, ba mai kallo. A faifan farko kuwa, inda aka harbe Mai Safa, jikin wata ƙatuwar bishiyar mangwaro ya jingina kafin ya zame. Famfon yana nan gefenta, da karkataccen bakinsa. Wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Mutum zai iya kama da ubansa. Amma bishiya ba ta komawa gwangwani. Ba ɗa ba ne, shi ne da kansa. Muna kallon ƙarshen mutum kafin farkonsa.

Sati biyu ina yawo da abin nan a ciki kamar na haɗiyi garwashi. Na gwada gaya wa Umma muna wanke-wanke, ta ce, "Ke da kika zo jiya? Ɗauraye kofin nan." Na ja bakina.

Wanda ya tabbatar mini shi ne Ammi Salim, tsohon Ba'indiye mai baƙala, ɗan shagon kayan masarufi, a ƙasan benenmu. Wata Talata bayan makaranta aka aike ni sayen laban, wato nono, da burodi. Na tarar bai kula da ciniki ba, shi da wasu 'yan ƙasarsu biyu sun tasa ɗan talabijin ɗin da ke saman firji a gaba, idonsa ya yi ja. Ga hoton wani dattijo mai tabarau an yanko daga jarida an manna a jikin kanta. Na ɗaga kai, sai ga rubutun nan da kiɗan nan na hutun rabin lokacinmu, sai ga saurayi mai gyaran makulli. Ban san lokacin da na yi magana ba, da guntun Larabcina.

"Ammi, wannan farko ne?"

"Farko mana, ya binti. Yanzu aka fara." Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin san shi?"

"Mangwaro," na ce. "Ƙarami a nan. Babba a can."

Ya ajiye ledar da ke hannunsa. Ya faɗa wa abokansa wani abu da yarensu, su ukun suka juyo suna kallona, har na so ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya nuna hoton dattijon. Ya ce wannan shi ne darakta, wanda ya shirya fim ɗin, jiya ya rasu, shi ya sa tasharsu take nuna aikinsa. Ni a lokacin ban san akwai wani mutum a bayan fim ba, na ɗauka jarumai ne suke haɗuwa su yi abinsu. Da Larabcinsa mai karaya da nawa mai rarrafe, ya fahimtar da ni cewa mutumin nan ba ya sa ko cokali a hoto a banza. Shi ya ce a dasa tsiron, shi ya ce a ɗaura jan zaren, don wanda ya kula ya gani. Ya ce ya kalli fim ɗin sau biyar a garinsu kafin ya ga bishiyar, kuma wani ne ya nuna masa.

"Ke wa ya nuna miki?"

"Ba kowa."

Ya ƙara mini cakulan a leda. Na hau bene ina tsallake matakala bibbiyu. Wani mutum a wata ƙasa, tun ba a haife ni ba, ya ajiye abu a lungun hoto yana jiran mai gani, kuma ni na gani. Ban taɓa jin an yi magana da ni kai tsaye haka ba tun da na zo Jidda.

A nan ne na yi kuskuren, kuma ina so ku gane shi da kyau. Goggo tana kicin ita kaɗai a ranar, tana tankaɗe. Na tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Mene ne, 'yar Kano?" Na ce ba komai. Kunya ta hana ni faɗar magana ɗaya ga mutum ɗaya. Sai na zaɓi hanyar da ba sai na buɗe baki ba. Ranar Larabar da washegari za a maimaita Mai Safa, ina goge talabijin na buɗe jakar faifan, na mai da na hagu dama, na dama hagu. A tunanina fim ɗin zai yi bayanin kansa, kowa ya yi murna, ba wanda zai san ni ce.

Alhamis falo ya cika. Suhaila, 'yar ƙanen Baba da aka haifa a nan, ita ce mai sa faifai. Ta ɗauki na dama ta sa. Goggo ko waiwayawa ba ta yi ba, ta gyara murya ta fara yadda ta saba.

"To ga shi nan, uban ɓarayin birni, ya fito daga mota, ku dubi takun..."

"Goggo," in ji Hajja Batula, "ai rubutu ne."

Goggo ta juya. Ta yi tsaki.

"Suhaila, kin haɗa mini faifai. Yalla, cire ki sa ɗayan."

"Wallahi na dama na ɗauka, ya Goggo."

"Cire dai."

Hannun Suhaila ya kai kan na'urar. Sai na ji wata murya ta ce, "A bar shi. Shi ne na farko." Muryata ce. Umma ta zaro mini ido daga can gefe. Amma bakin da ya yi wata biyar a rufe ya ƙi rufuwa. Na miƙe tsaye, na faɗi keken ɗinki, na faɗi hannu, na faɗi famfo da bishiya, na ce mai baƙala ma ya ce haka.

"Ikon Allah," in ji wata mai sayar da turare. "Dama yarinyar nan tana magana?"

Aka fashe da dariya. Hajja Batula ta buga cinyarta.

"Halas, a bar shi mu gani! In ƙarya take yi, ita za ta wanke kofuna."

Ban taɓa ganin falon nan kamar ranar ba. Da saurayin ya fito da gwangwani mata uku suka yi ihu tare, "Ga shi! Ga tsiron!" Wata ta rarrafa har gaban talabijin tana nuna jan zaren da yatsa. Da ƙofa ta datse masa hannu, Hajja Batula ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ashe nan safar ta samo asali!" Da ya shigo da sabuwar riga da kaya, wurin da muka saba tafi, sai wata ta ce, "Ku tsaya, ku tsaya, ashe kayan sata ne! Ku dubi fuskar yarinyar, ba murna take yi ba!" Shayi ya huce ba wanda ya sha. Kowa tana gano nata, kowa tana jan hannun ta kusa da ita. Ni ina tsakiya, an jawo ni daga lungu, ana ta "Nusaiba, wannan fa? Nusaiba, wancan fa?" Daɗi kamar ya kashe ni. Sai can cikin faifai na biyu na tuna da Goggo. Ta yi ta ƙoƙarin bin labarin, ta fara jimla a katse ta, ta sake farawa a rufe ta da ihu. Daga baya ta daina. Tana zaune a kujerarta, hannuwanta a cinya.

Da aka harbe shi ba wanda ya ce a cire. Muka ga abin da ba a taɓa gani ba a gidan: yayar ta fito, ta zauna a gindin bishiyar, ta zare safar daga hannunsa, ta riƙe yatsun nan. Shi ke nan. Ba ɗa, ba shiriya, ba wanke suna. Mata suna share hawaye, sai Suhaila, da bakinta da ba ya da linzami, ta ce:

"Ya'ni duk shekarun nan Goggo ƙirƙira take yi? Ashe ba ta jin Indiyancin?"

Wata ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Goggo ta tashi, ta ɗauki kujerar robarta da kanta, ta ce magariba ta yi, ta shige ɗaki.

Alhamis ta gaba ba ta fito ba, ta ce kanta yana ciwo. Aka sa wani fim, muka zauna muna kallon bakuna suna motsi. Aka ce in fassara, tunda ni ce gwana. Na ce, "Ya shigo. Ta fita. Akwai agogo a bango." Aka yi dariya, aka koma hira, kafin la'asar rabi sun tafi. Sati na uku mutum huɗu ne suka zo. Goggo tana kicin tana dama fura ranar Alhamis kamar kowace rana, ɗankwalin ruwan goro yana ƙasan akwati. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ci gaba da zuba mini abinci, har da ƙarin nama. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ku da kuka san aikina yanzu, ina ɗaukar hoton bikin mata ina tsara shi, kun sha jin ina cewa daga dattijon nan mai tabarau na koyi inda ake ajiye ido. Gaskiya ne, kuma har yau ban daina neman finafinansa ba. Amma a satuttukan nan ne na gano cewa abin da ya ajiye a hoto bai isa falonmu da ƙafarsa ba. Goggo ce ta ɗauko shi ta kawo. Matan nan suna wuni suna goge gidan wasu, ana yi musu tsawa da yaren da ba nasu ba, sati guda suna jiran awa uku da za a yi musu magana da Hausa, a ba su dariya da kuka. Na gyara fim, na rushe Alhamis.

Na koma wurin Ammi Salim na tambaye shi ko mutumin yana da wani fim. Ya kawo mini washegari daga ɗakinsa, faifai biyu, ya ɗaura wa na farkon zare don kada a rikita su. Na ɓoye shi kwana biyu a jakar makaranta kafin na samu ƙarfin hali. Ranar Laraba da yamma na same ta a kicin, tana zaune a ƙasa da tire tana tsince gero. Na durƙusa. Na ce ni na sauya faifan.

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Suhaila ba ta da wannan wayon."

"Goggo, ki yafe mini."

Ta ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa.

"Shekara takwas ina kallon bishiyar nan, wallahi ban taɓa ganinta ba. Ni fuska nake kallo. In na ga yadda mutum ya yi da ido, na san abin da zai fito daga bakinsa, ko da wane yare ne. Gaskiyarki ce, ban ce ba gaskiyarki ba ce." Sai ta ɗago. "Amma ina nan a kicin ɗin nan, Nusaiba. Taku nawa ne daga falo? Da kin zo kin raɗa mini, da ni zan ba su labarin da bakina, in ce 'yata ce ta gano."

Na yi kuka, ta bar ni na yi, ba ta rarrashe ni ba. Da na gama na buɗe jaka na fito da faifan na ajiye a gefen tirenta. Ta dube shi, ta dubi zaren.

"Wannan kuma fa?"

"Na mutumin ne, wanda ya yi na Mai Safa. Ba wanda ya taɓa ganinsa a gidan nan. Ni ma ban kalla ba."

"To, ki kai musu. Ai kin iya."

"Ban iya ba, Goggo. Na gwada, agogo kawai na gani." Na matsa kusa, na rage murya. "Kowa ya fita, sai magariba za su dawo. Ki zo mu kalla yanzu, mu biyu, kafin gobe. In na ga abu a lungu zan taɓa ki in nuna miki. Ke kuma, don Allah, ki faɗa mini abin da suke cewa."